Shin na'urar tace iska tana kawar da wari da hayaƙi?

Malam, ka tambaya ko na'urar tace iska za ta kawar da warin fenti da hayaƙin janareta a ɗakinka. Ya danganta da abin da ke cikinta. Matatar HEPA, wato matata mai siraran zare da ake sakawa a cikin na'urar, ƙura da toka da ire-irensu kawai take kamawa, gas kuwa, kamar warin fenti, ratsa ta yake yi ya wuce.

Mai kama gas shi ne gawayin da aka sarrafa. Ana ƙona ɓawon kwakwa ko itace, sannan a busa masa tururi mai zafin kusan digiri 900, sai ya cika da ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Giram ɗaya kan kai faɗin murabba'in mita 1,000 idan aka lissafa bangon ramukan. Ƙwayoyin warin fenti da na fetur suna shiga su manne a jikin bangon. Da ramukan sun cika, aikinsa ya ƙare, wani lokacin ma ya riƙa sakin warin da ya tara. Damina na rage masa ƙarfi, domin laima tana cinye gurabe.

Amma kabon monoksaid, wato gas mai guba marar wari da ke cikin hayaƙin janareta, gawayin ba ya riƙe shi. Ka fitar da janaretan waje, nesa da taga.