Fuska, Mahaɗa da Halin Albasa

Wani malamin kimiyya ya aiko da tambayoyi biyu. Yana neman kalmar da zai kira wurin da ma'adinai biyu na oksayid suka manne da juna har lantarki ya fara gudana a tsakaninsu, kuma yana son sanin ko karin maganar nan, "zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai," ta dace da abin da ke faruwa a wurin.

Malam, oksayid shi ne abin da ake samu idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, kuma tsatsar da ke cin bakin fartanya ita ce misalinsa mafi kusa. Waɗanda kake magana a kansu, kowannensu yana ɗauke da ƙarfe iri biyu. A 2004, Akira Ohtomo da Harold Hwang, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, suka shimfiɗa LaAlO3 (oksayid mai ɗauke da lantanam da alminiyam) a kan SrTiO3 (oksayid mai ɗauke da sitirontiyam da titaniyam). Kowannensu shi kaɗai ba ya barin lantarki ya ratsa shi, amma sai ga ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, suna gudana a siririn wurin da suka manne. A 2006 masu bincike a Jami'ar Augsburg ta Jamus suka nuna cewa sai shimfiɗar ta sama ta kai hawa huɗu na jerin ƙwayoyinta, wajen nanomita ɗaya da rabi (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kafin gudanar ta fara. A hawa uku, babu ko motsi.

Kalmar da na zaɓa ita ce "mahaɗa," wadda aka gina kamar "maƙera" da "majema," wato sunan wurin da aikin ke aukuwa. "Magama" ma daidai ce, sai dai kunne ya saba jin ta da hanya ko ruwa. "Iyaka" kuwa rabawa take yi, alhali a nan haɗuwar ce ta haifar da abin. Gefen da ke kallon sarari shi ne "fuska," amma kada ɗalibanka su ɗauko "labarin zuciya a tambayi fuska," domin a 2011 an nuna cewa fuskar SrTiO3 tana iya gudanar da ilektoron yayin da cikinsa bai canza hali ba.

Game da kanwa, ban yarda ba. Wanda ya zauna da maɗaukin kanwa, garin kanwar da ke jikin abokinsa ne ya taɓa shi, wato ya ɗauki abin da ɗayan yake da shi tun farko. A nan babu mai halin gudanar da lantarki a cikin biyun, balle ya shafa wa ɗan'uwansa. Wadda ta fi dacewa ita ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba," wadda ake faɗa wa ɗan da bai gado iyayensa ba. Yawanci da zargi ake faɗarta, don haka ka sanar da ɗalibai cewa siffar kawai ka aro, tunda wannan saɓanin halin shi ne abin da masana ke nema.