Bindigata ta koɗe: fenti zan yi mata ko me?

Tambaya: Malam, ina da bindigar farauta mai lasisi, ƙirar Mossberg 500. Baƙin gidan da harsashi ke shiga ya koɗe a gefe-gefe, har fari ya fito. Wani mai gyara ya ce zai dafa min shi a ruwan magani ya dawo baƙi wul, kamar yadda ake yi wa bututu. In ba shi?

Amsa: Kada ka ba shi. Bututun ƙarfe ne, gidan kuwa alminiyam ne, kuma ruwan da ake dafa ƙarfe a ciki soda ce mai zafi, irin ta yin sabulu. Cinye alminiyam take yi.

Baƙin da ka gani tun daga kamfani ba fenti ba ne. Anodayizin ake ce masa. Ana tsoma kayan a ruwan asid irin na batirin mota, a sakar masa lantarki, sai fatar alminiyam ɗin kanta ta rikiɗe ta zama ɓawo mai tauri mai ƙananan ƙofofi. Ƙofofin ne ke shan rini, daga baya a toshe su. Anodayizin nau'i-nau'i ne. Nau'i na 2 siriri ne, yana karɓar launi da kyau amma yana saurin gogewa. Nau'i na 3, wanda ake yi wa bindigar sojojin Amurka M16, a ruwa mai sanyi kusan na ƙanƙara ake yin sa, kaurinsa na kai maikiron 50 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Rabi yana nutsewa cikin jikin, rabi ya tashi sama, shi ya sa ramukan ƙusa ke matsewa bayan an gama.

Matsalar sake anodayizin ita ce sai an kankare tsohon ɓawon tukuna, kuma da naman alminiyam yake tafiya. Ramuka su buɗe, kaya su fara lilo. Ga shi dole a cire duk wani ƙarfe da ke jiki, in ba haka ba asid ya lalata shi.

A ganina, Cerakote ya fi maka. Fenti ne mai haɗin yumɓu da ake fesawa siriri a kan tsohon ɓawon, bayan an wanke maiƙo tas an ɗan karce fuskar, sannan a gasa a zafin kusan digiri 120 na ma'aunin Celsius. Ka ja kunnen mai aikin kada ya zarce da wuta, don zafi mai yawa yana sassauta ƙarfin alminiyam. Cerakote bai kai nau'i na 3 tauri ba, zai goge a kusurwoyi.

In kuwa kyau bai dame ka ba, bar ta haka. Alminiyam ba ya jan tsatsa. Gogewa da ɗan mai ya ishe shi.