Wasiƙun Masu Karatu: Kwamfuta na ɗaukewa ana tsakiyar tuƙin jirgi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kwamfutata tana da katin hoto RTX 3070, furosesa Ryzen 5 5600X da RAM 16GB. Sauran wasanni lafiya lau, amma in na buɗe Microsoft Flight Simulator na 2020, na tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku na nufi Kano, kafin in kai rabin hanya sai ta ɗauke gaba ɗaya ta sake tashi da kanta. Da rana abin ya fi yawa. In goge wasan in sake saukewa? Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka goge komai, malam. Wasan ya haura 100GB, datarka kawai za ka ƙona. Yadda kwamfuta ke faɗuwa shi ke nuna inda ciwon yake. In wasan kaɗai ya rufe, Windows na nan daram, to wasan ake tuhuma ko direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin. In allo ya koma shuɗi (ko baƙi a sabuwar Windows 11) da rubutu, RAM ko direba. Amma ɗaukewa ɗif irin taka, tamkar an zare soket, kusan kullum wuta ce ko zafi.

Ka fara buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru da kwamfuta, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemi Kernel-Power mai lamba 41. Saƙon ba ya faɗin mai laifi, yana dai shaida cewa Windows ba ta rufe yadda ya kamata ba. Abin dubawa a cikinsa shi ne BugcheckCode: in sifili ne, babu shuɗin allon da ya faru, wutar ce ta yanke a ƙarƙashinta.

Daga nan ka sauke manhajar HWiNFO64 mai nuna zafin sassan kwamfuta, ka kunna ajiye bayanan na'urorin auna zafi a fayil, ka tashi jirginka har ta ɗauke. Layukan ƙarshe na fayil ɗin su ne shaidarka. Iyakar 5600X digiri 95 ne; RTX 3070 kuwa tana soma rage gudu wajen digiri 83. In ka ga furosesa na manne da 90 zuwa sama, ka zare wuta, ka fitar da kwamfutar waje, ka hure ƙurar da hunturu ya tara da bulowa, kana riƙe da kowace fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa a banza. Ka goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

Sai dai mu mun fi zargin akwatin wutar da ke cikin kwamfutar, wato wanda ke raba wa sassanta wuta. Furosesa da katin hoto kan rage gudu tun kafin zafi ya kai su ga kashe kansu, shi kuwa akwatin wuta ba ya gargaɗi. RTX 3070 na cin kusan wat 220, kuma Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, ta ba da shawarar akwati mai wat 650 gare ta. Ban da wannan, katin kan fizgi wuta fiye da haka na ɗan ƙiftawar ido, musamman in jirgi ya kutsa gajimare ko ya nufo babban gari, sai kariyar da ke cikin akwatin ta yanke komai. Ga kuma abin da masu saye ba su cika dubawa ba: akwatuna masu araha an auna ƙarfinsu ne a zafin da bai wuce digiri 30 ba, nagari kuwa a 40 ko 50. Ɗakin da ba na'urar sanyaya iska a Sakkwato cikin Afrilu, lokacin da gari ke haura digiri 40, ya isa ya rage wa mai arahar ƙarfi. Watakila dalilin da abin ke tsananta da rana ke nan.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A MSI Afterburner, manhajar daidaita katin hoto, ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 70, a cikin wasan ka ƙayyade hotuna 30 a daƙiƙa. In ɗaukewar ta daina, ka kama ɓarawonka. In katin na da ramin wuta biyu, ka ba kowanne wayarsa daban daga akwatin, ba waya ɗaya mai kai biyu ba. Ka duba UPS ɗinka ma: mai 650VA bai fi wat 360 zuwa 390 yake bayarwa ba, kwamfutarka da allonta kuma na iya kai wa 400. Da wuta ta yi ƙasa ya koma batir, sai ya kasa. Mai 1500VA da ke ba da tsabtatacciyar wuta shi ne daidai da kai. Akwatin wuta kuma ba a buɗe shi a gida, don yana riƙe caji ko an zare shi daga bango. Sauya shi ake yi.

TAMBAYA: Ni tawa ba ta mutuwa. Tun da wasan ya sabunta kansa, sai ya rufe ba wani saƙo, in tsinci kaina a fuskar Windows. Ɗalibi daga Runjin Sambo.

AMSA: Ƙarin jirage da filaye da ka sauko da su daga intanet su ne abin zargi na farko, don sabuntawa kan bar tsofaffinsu a baya. Ka kwashe duk abin da ke cikin foldar Community, inda wasan ke ajiye su, zuwa wani wuri, ka gwada. In ya zauna lafiya, ka mayar da rabi, ka sake gwadawa, ka ci gaba da rabawa har mai laifin ya fito. In foldar fanko ce amma bai daina ba, ka shiga General Options a cikin wasan, sashen Data, ka goge Rolling Cache, fayil ɗin da wasan ke tara taswirar da ya sauko da ita, don yankewar wuta kan lalata fayil ɗin. A saitin hoto na wasan, ka koma DirectX 11 in kana kan 12. Ka kuma bar Windows ta kula da girman pagefile, wato sashen faifai da take amfani da shi in RAM ta cika, da kanta, da sarari isasshe a faifai. Masu RAM 16GB da suka kashe shi don "ƙarin gudu" su ne suka fi kawo mana wannan kuka. In Event Viewer na ambaton nvlddmkm, direban Nvidia ne ya daskare fiye da daƙiƙa biyun da Windows ke jiransa: ka cire shi tas da DDU, manhajar goge direban katin hoto, cikin Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman abubuwa kaɗai, ka sa sabo. Abu ɗaya ake sauyawa a gwada, ba biyar tare ba.

TAMBAYA: Na ƙara RAM 16GB da na saya a kasuwa kan wadda nake da ita. Yanzu shuɗin allo nake gani, an rubuta MEMORY_MANAGEMENT. Mai karatu daga Arkilla.

AMSA: Girmansu ɗaya ba ya nufin za su jitu. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe XMP mai ƙara wa RAM gudu, su koma gudunsu na asali. In sanduna biyu ne, a yawancin allunan da ake dasa furosesa da RAM a kai, ramin A2 da B2 ake sa su, wato na biyu da na huɗu daga furosesa. Sannan ka sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashi, ka tashi kwamfutar da shi, ka bar shi ya zagaya sau huɗu; kuskure ko ɗaya ya isa. Ka gwada kowace sanda ita kaɗai don ka san wadda za ka mayar wa mai shago.

Ba ka faɗi furosesarka ba. In Intel ce ta zubi na 13 ko 14, irin i7 ko i9, kamfanin da kansa ya amsa a 2024 cewa wuta mai yawa na lalata wasunsu, ya fitar da gyaran 0x12B ta hanyar sabunta BIOS. Gyaran na hana lalacewa ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. In za ka sabunta BIOS, ka yi shi a kan UPS ko inbata mai cikakken caji, ba a kan ƙaramin janareta ba.