Amsa: bambancin 햇빛, 햇볕 da 햇살 a Koriyanci

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ƙamus ke fassara kalmomin nan uku da "hasken rana". Tushensu ɗaya ne, 해 (hae), wato rana, amma aikinsu daban.

햇빛 (haetbit) shi ne hasken da ido ke gani, mai kashe ido. 햇볕 (haetbyeot) kuwa ɗumin da jiki ke ji ne, shi ya sa in za ka yi shanya sai ka ce 햇볕에 말리다 (haetbyeote mallida), wato busarwa a rana. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe, suna sa 햇빛. 햇살 (haetsal) hasken da ke ratsowa ne, kamar na hantsi ta taga.

Kula da furuci: ana faɗin 햇볕이 "haetppyeochi", domin harafin ㅌ ("t") na ƙarshen 햇볕 na komawa "ch" kafin ɗafin 이 ("i"). 태양 (taeyang), wata kalmar da ke nufin rana, ta fi zama a littafin kimiyya.