Amsa ga mai neman littafi kan tsohon layin dogo na Zariya zuwa Jos

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce garinku yana tsakanin Soba da Dutsen Wai, ka taso kana jin tsofaffi na zancen ƙaramin jirgin da ke zuwa Jos da hanyar fatake da ta riga shi, ka kuma gaji da zagayen shagunan littattafai ba ka samo komai ba. Wallahi na tausaya maka, don wannan ciwon ni ma shi ke damuna. Kada ka ƙarar da takalminka wajen neman littafi guda da ya haɗa jirgi da hanya da tatsuniya. Tsintowa ake yi nan da can, a ɗinke.

Sunan da za ka nema a takardu shi ne Bauchi Light Railway. Bai taɓa zuwa garin Bauchi ba, a lokacin ne Jos take ƙarƙashin lardin Bauchi. Don kuza aka yi shi, domin kafin nan a ka ake ɗaukar ta har Loko a bakin Binuwai. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukur a 1914, aka rufe shi a 1957. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6, saboda haka duk kayan da ya kawo sai an sauke a Zariya an sake lodi. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kasuwarsa ta fara ja da baya. Littafin Francis Jaekel na tarihin jirgin ƙasan Najeriya, juzu'i 3, wanda ya fito a Ibadan a 1997, shi ne madogara a kan shekaru da tashoshi. Ka tambaye shi a Arewa House a Kaduna ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru.

Amma don Allah ka yi hattara da masu sayar da kwafi. Abin nan yana ƙona mini rai ƙwarai. Mutum zai karɓi kuɗinka, ya miƙo maka abu an yi masa bango mai kauri da rubutun ruwan zinari, sai ka je gida ka tarar an tsallake shafi ashirin a tsakiya, taswira an ɗauki rabinta don takardar ta fi bakin injin, lambobin jadawali sun dushe ba ka bambance 3 da 8. Ka koma masa, ya rantse maka haka asalin yake. Ɗalibi ya tara kuɗin abincinsa ya saya, ya ɗora bincikensa a kai, sai ranar kare aiki asiri ya tonu, shi kuma mai shagon ko a jikinsa. Wannan zalunci ne, ba sana'a ba. Kafin ka biya ka zauna nan a shagon ka bi lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe kowace taswira ka ga sunayen gefe sun fito. In ya nuna gajiya, ajiye masa kayansa.

Hanyar fatake kuwa, littattafan da aka fi sani, irin na Paul Lovejoy kan fataucin goro, sun fi karkata ga hanyar Gwanja, yamma ke nan, ba za su ambaci ƙauyenku ba. Naka yana gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, cikin fayilolin lardin Zazzau da ake wa laƙabi da Zarprof. Ka nemi rahotannin ƙidayar haraji na gundumarku, don jami'in da ya zaga yakan rubuta kasuwanni da rijiyoyi da mafitar rafi, wani lokaci har da zanen hanya. Ka tafi da takardar gabatarwa da fensir. Ka rubuta lambar fayil kafin ka karanta komai, in ba haka ba bayan wata guda ba za ka san wace takarda ta fito daga ina ba. Sunan gari kuma ka gwada shi ta rubutun Turawa, Dutsen Wai sau da yawa Duchin Wai za ka gani.

Af, kada ka manta da Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Takardun Turawa lissafin mil da fam suke yi, a bakin mutanenmu ne za ka ji yadda aikin diga, wato shimfiɗa layin dogo, ya zo wa ƙasar.

Abin da ya fi gaggawa dai tsofaffi ne. Wanda yake ɗan shekara 15 ranar da aka rufe layin yau ya haura 80. Ka fara da su tun kafin littafi, littafi zai jira ka. Ka cika wayarka da caji, ka rufe layin kira don kada a katse maka ɗauka, ka ajiye ta kusa da bakinsa a kan tabarma, nesa da janareto. Kada ka ce masa "a wace shekara", zai faɗi wata don ya faranta maka. Ka ce zamanin wane hakimi, kafin aurensa ko bayansa. In ƙafarsa na iya tafiya, ku je ya nuna maka: tudun da aka shimfiɗa dogo a kai yakan miƙe sambal cikin gonaki, da ragowar kwalbati. Zango kuma ka duba inda tsohuwar rijiya da kukoki ko tsamiya suka taru.

Tatsuniya wajen iyayenmu mata take, kuma da dare. Ka tura ƙanwarka ko matarka ta ɗauko, sun fi sakin jiki da su. Kada a gyara musu Hausa wajen rubutawa. In ka tara, ka gwada su da na littafin tatsuniyoyin Hausa na Frank Edgar na 1911 zuwa 1913, ka ga wacce ta garinku ce, wacce ta kowa ce.

Ka faɗo mana sunan gundumarku, akwai 'yan Lere da Kubau a cikinmu da za su iya haɗa ka da dattawan da suka hau jirgin. Allah ya taimaka.