Batirin sola da fetur a lori ɗaya?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina sayar da kayan sola a Aboabo, Kumasi, ina ɗauko batiran litiyam daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Direba na so ya haɗa min da jarkokin fetur da tina (ruwan sirka fenti) na wani don kuɗin mota ya sauka, ko akwai matsala?

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji. Wallahi kar ka yarda, arha ce mai tsada. Batirin litiyam in ya bugu ko ya huje ko zafi ya masa yawa, da kansa yake ɗumama har ya kama wuta, kuma ko an kashe sai ta sake tashi, to ina ga fetur na gefe a doguwar hanyar nan ta Nkawkaw da rana tsaka. Shi ya sa a jirgin sama ba a lodin sa a matsayin kaya sai cajinsa bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba. Ka rufe kawunan batirin da salatif kar ƙarfe ya taɓa, a bar shi a kwalinsa a ɗaure tamau. Wanda ya kumbura kuwa kar ya hau mota sam. In ka ga hayaƙi ku ja da baya, guba ne, a kira 'yan kwana-kwana a 192.