Kyandir mai ruwan hoda a Lahadi ta uku

Jikata, saƙonki ya iso ni, kuma na ji daɗi da kika yi tambaya maimakon ki bar abin a ranki. Kin ce ƙawayenki sun shiga waƙoƙin Kirsimeti tun farkon Disamba, alhali a cocinmu Fada yana sanye da shunayya kamar lokacin azumi, sa'an nan a Lahadi ta uku a kunna kyandir mai ruwan hoda, har kin rasa gane ko makoki muke yi ko murna.

Murna muke yi, sai dai irin ta wanda yake jiran abin da ya tabbata yana tafe. Ke 'yar birni ce, amma kin taɓa bina gona a watan Oktoba, lokacin da dawa ta fitar da kai ba ta kai yanka ba. Manomi a wannan lokaci bai zuba ko ƙwaya ɗaya a rumbu ba, kuma ba ya kiran makaɗa, amma idan kika dubi fuskarsa sa'ad da yake murza zangarniya a tafin hannunsa, kin san hankalinsa ya kwanta, sai ya koma gida ya yi wa rumbu sabon yaɓe. Wannan gyaran rumbu shi ne aikinmu a lokacin Jiran Zuwan Almasihu, wanda ake kira Adbent: Lahadi huɗu kafin 25 ga Disamba, ta farkonsu tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma da ita shekarar ikilisiya take farawa. Shunayyar da kika gani alamar tuba ce da shiri, domin a makonnin nan ne ake karanta mana wa'azin Yohanna Mai Baftisma da annabcin Ishaya.

Ki kasa kunne a sujada za ki ji bambancinsa da azumin kafin Ista. A azumi ana ajiye Halleluya gaba ɗaya, amma a lokacin Jira muna rera ta. Abin da muke ajiyewa shi ne waƙar ɗaukaka da mala'iku suka yi wa makiyaya, domin idan aka ɗaga ta a daren Kirsimeti ta shiga kunne sabuwa fil. Ni dai har yanzu tsigar jikina takan tashi a wannan dare, idan zumuntar mata suka buga tulu bayan makonni huɗu ba a ji waƙar ba.

Ita Lahadi ta uku da Latin ana ce mata Gaudete, wato ku yi farin ciki, daga kalmar farko ta ayar da ake buɗe sujadar ranar da ita, Filibiyawa 4:4-5, inda Manzo Bulus ya umarci masu bi su yi farin ciki kullum domin Ubangiji yana kusa. Ki lura cewa yana tsare a kurkuku ya rubuta wannan, saboda haka ba murnar sabon ɗinki da shinkafa yake nufi ba, ko da yake ban raina su ba. An wuce rabin hanya, shi ya sa ake sassauta shunayya ta koma ruwan hoda.

Zoben ganyen da ake jera kyandirori huɗu a kansa a coci, ɗaya domin kowace Lahadi ta lokacin Jira, ba tsohon abu ba ne kamar yadda kike zato. Wani fasto Bajamushe na ikilisiyar Lutheran, Johann Hinrich Wichern, yana riƙe da yara marasa galihu a birnin Hambog, kullum suna damunsa da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo. A shekarar 1839 ya ɗauki ƙafar amalanke ya jera mata kyandirori, manya farare huɗu na ranakun Lahadi, ƙanana jajaye na sauran ranaku, ana kunna ɗaya kowace rana, yara suna ganin haske yana ƙaruwa. Daga baya aka rage su zuwa huɗu, mu Katolika kuma muka ara. Don haka kada ki ɗaga wa ƙawayenki hanci. Ikilisiyoyi da yawa ba sa bin wannan kalandar, kuma Almasihu ɗaya muke jira da su.

Lokacin ƙuruciyarmu a ƙauye ba mu san wannan zobe ba, fitilar ƙwai ce kawai a kan teburin katikis, muna zaune a kan dakalin ƙasa muna rawar ɗari saboda hunturu, yana koya mana labarin Saminu da Hannatu, tsofaffin nan biyu da suka jira a Haikali har suka ga jaririn da idanunsu. A wancan lokaci labarin yana gundurata, yanzu da na kai shekarunsu shi na fi so a karanta mini. Idan kin zo hutu ki taho mini da tabarau daga wurin mahaifiyarki, ki kuma shirya karanta mini Luka sura ta 2 da babbar murya, domin kunnen hagu ya fara gardama.